Farautar Gidan Nyathi

Kwandasta yana ta buga jikin bas da tafin hannu, shi kuwa Mehluli Nyathi yana tsaye a ƙasa ya miƙa hannaye biyu, yana jiran yayarsa ta gama shawara da gwiwoyinta. MaNyathi, yayar tasa, ba ta sauka daga mota da gaggawa ko don wa. Ta fara miƙo masa sandarta, ta miƙo jaka, sannan ta juya ta gaya wa kwandastan cewa ranar da ta fara shiga mota a Bulawayo uwarsa ko haƙori ba ta yi ba. Fasinjoji suka kwashe da dariya. Sai da ta ga dama ta sauko.

Zafin watan Oktoba ya riga ya kama gari tun da hantsi. Itatuwan bakin titi sun zubar da furanninsu shunayya, mutane suna takawa suna wucewa. Mehluli ya rataya jakar a kafaɗa, ya daidaita tafiyarsa da tata, suka nufi unguwar tsofaffin gidajen Turawa inda ofishin kamfanin farauta yake.

"Yaya, kin dai tuna abin da muka yi da ke?"

"Farauta muka zo nema. Ba mu taɓa zuwa wurin ba, ba mu san kowa a can ba."

"To, madalla."

"Ni na goya ka, Mehluli. Kada ka mai da ni 'yar makaranta."

Ba don ya raina ta yake nanatawa ba. Tun bara kanta ya fara zuba kamar tsohon kwando. Takan sa gishiri a shayi, takan kira 'yarsa Bekezela da sunan mahaifiyarsu da ta daɗe a ƙasa. Amma abin da ya faru tun suna yara yana nan daram a kanta, har launin shanun gidansu tana iya lissafo maka. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san inda aka binne mahaifinsu.

Mehluli yana ɗan ƙarami mahaifin ya rasu, bayan girbi. Aka binne shi a gefen garken shanu kamar yadda ake yi wa mai gida. A al'adarsu, in shekara ta zagayo, dangi sukan dafa giya su je kabarin su kira mamacin ya dawo gida, ya zauna ya tsare 'ya'ya da jikoki. Wanda ba a kira ba yana nan a waje, ba shi can ba shi nan. To, kafin shekarar ta zagayo manyan motocin gwamnatin Turawa suka iso. Aka loda mutanen ƙauyen da tukwanensu da kajinsu, aka zube su a cikin yashin Tsholotsho. Ƙasar ta zama wurin kiwon wani Bature, daga baya ta yi ta sauya hannu, har ta zama dajin farauta mai dogon shingen waya, inda masu kuɗi ke zuwa daga ƙasashen waje su harbi namun daji su ɗauki hoto.

Shi Mehluli ya girma ya shiga aikin jirgin ƙasa, ya yi walda har idanunsa suka fara gajiya, ya zama dattijo a cocinsu. Shekara da shekaru yana gaya wa kansa cewa matattu suna hannun Allah, ba su buƙatar giyar kowa. Sai Bekezela ta yi ɓari, ta sake yin wani. A asibiti likita ya ce ba su ga wata matsala ba. Ranar MaNyathi ta dube shi, kallon da ya fi magana ciwo. Daga nan ne ya fara jin fito. Wani irin fito ne mai hawa biyu da mahaifinsu yake kiran shanu da shi da yamma. Yakan ji shi da rana tsaka, a layin biredi, a cikin coci ana tsakiyar waƙa. Ya waiwaya, babu kowa. Fuskar mahaifin ta ɓace masa tun tuni, amma fiton bai ɓace ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ya taɓa zuwa ƙofar dajin da kansa. Mai gadi ya karɓe shi da mutunci, har ruwa ya ba shi, sannan ya gaya masa gaskiya. Masu kamfanin da ke riƙe da dajin suna ƙasar waje, kuma ba abin da suka tsana kamar kalmar kabari, don a ganinsu wanda ya zo da maganar kabari yau, gobe da lauya zai dawo yana neman ƙasa. Aka yi ta juya shi daga ofis zuwa ofis har ya gaji. Ɗansa Zenzo, wanda ke aiki a Johannesburg, shi ya gano hanya. Ya ce a ƙarshen lokacin farauta kamfanin yakan sassauta wa 'yan ƙasa farashi, mutum ya tafi da iyalinsa su kwana a sansani. Ƙofar da ba ta buɗe wa mai makoki tana buɗe wa mai bindiga. Za su nemi barewa guda, Zenzo ya harbe ta, a cikin yawon Yaya ta nuna wurin. Abu ɗaya ya roƙa, kada kowa ya ambaci kabari a ofis.

Ofishin tsohon gida ne mai faffaɗar baranda. Da suka shiga sanyin na'ura ya daki fuskarsu. Bango ko'ina kawunan dabbobi ne, masu ƙaho miƙaƙƙe da masu ƙaho murɗaɗɗe, duk da idanun gilashi suna kallon ƙofa. MaNyathi ta tsaya ta ƙare musu kallo, ta ce a hankali ashe akwai gidan da ake tara matattu a falo.

Wata budurwa ta taso daga bayan tebur da fara'a, ta ce sunanta Buhle. Ta ja wa tsohuwar kujera tana kiranta Gogo, wato kaka a harshensu, ta kawo musu shayi. Ta ce ta ga saƙon Zenzo, ta kuwa ji daɗi, don ba kasafai ake samun iyalin gida suna zuwa ba, kullum baƙi ne daga nesa. Ta shiga tambayoyinta tana bugawa a kwamfuta: su nawa ne, wa zai riƙe bindiga, akwai mai ciwon da ya kamata a sani, akwai abincin da wani ba ya ci. Mehluli ya amsa. Shi ne, da yayarsa, da Zenzo, da Bekezela. Da ya ce Bekezela tana da juna biyu, Buhle ta ɗaga kai ta ce hanyar akwai gargada, ko za a bar ta a gida. Ya ce a'a, tafiyar ba ta yiwuwa ba da ita ba. Yarinyar ta dube shi kaɗan, ba ta tambayi dalili ba.

Da aka zo maganar dabba ya ce barewa. Buhle ta duba, fuskarta ta ɗan sauya. Ta bayyana masa cewa hukumar namun daji ce ke ware wa kowane daji adadin abin da za a harba a shekara, kuma kason barewa ya ƙare a makon jiya. Sauran ma duk sun ƙare. Abu ɗaya ya rage, shi ma don wani Ba'amurke ya fasa zuwa ne: tsohon bijimin ɓauna. Tana faɗar haka idonta ya sauka a kan katin shaidarsa da ke kan tebur.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban lura da sunan ba."

Babu abin da za a yi bayani a tsakaninsu. Nyathi a harshensu ɓauna ke nan, kuma ita ce kan gidansu. Ɗan gidan Nyathi ba ya kashe ɓauna, ba ya cin namanta, ko fatarta ba ya zama a kai. Tun yana yaro aka gaya masa wanda ya ci kan gidansu haƙoransa za su zube, zuriyarsa ta lalace.

Ya tambaya ko za a iya zuwa ba tare da an ɗauki dabba ba, a biya kwana kawai. Buhle ta ce dokar kamfani ba ta yarda ba, sansanin na mafarauta ne da 'yan rakiyarsu. In ba ɓaunar ba, sai dai su jira baɗi bayan damina.

Ya nemi izini ya fita baranda ya kira Zenzo. Ana jin ƙarar injuna a bayan muryar ɗan. Zenzo ya saurara, ya ce shi bai ga abin damuwa ba.

"Baba, suna ne fa kawai. Ni zan harba, ba kai ba."

"Kai ɗan gidan wa ne?"

"Baba, mutane nawa ne masu sunanmu suke cin abin da suka samu a nan? Ban ga haƙorin kowa a ƙasa ba. Gwaggo da ba ta taɓa ci ba, haƙori nawa ya rage mata?"

"Zan gaya mata ka ce haka."

"Kada ka gaya mata, don Allah."

Suka ɗan yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Zenzo ya sassauta murya ya ce ya tuna fa Bekezela haihuwarta farkon shekara ce, kuma wa ya san abin da zai rage a kan Gwaggo nan da baɗi. Mehluli ya ce ya sani. Ya kashe wayar ya tsaya yana kallon titi. A ce ya je neman mahaifinsa da jinin ɓauna a hannun Zenzo, jikan mamacin, da wane baki zai kira shi? A ce kuma ya koma gida hannu rabbana, da wane ido zai dubi 'yarsa? Can ƙasan layi wani mai tura baro yana wucewa, sai fiton ya zo, hawa biyu, kusa ƙwarai, kamar daga bayan kunnensa. Bai waiwaya ba. Ya dafa ginshiƙin barandar har sai da tsikar jikinsa ta kwanta.

Da ya koma ciki ya tarar kujerar yayarsa babu kowa. Tana can ƙarshen ɗakin tare da wani Bature dogo, fatarsa ta ƙone da rana, gajeren wando da tsohon takalmi, furfura ta fara cin gemunsa. Buhle ta raɗa masa cewa Anton ke nan, jagoran farautarsu, shi ke fita da baƙi. Anton yana magana da harshensu tsaf kamar wanda ya sha shi a nono, yana zolayar tsohuwar cewa in ta zo sansani shi zai aure ta. Ita kuwa ta ce ta fi ƙarfin mijin da ba ya iya sayen dogon wando.

Anton ya gaisa da Mehluli hannu biyu, ya kira shi Baba Nyathi. Ya ce bari ya nuna musu inda za su kwana, ya ja su gaban wani babban hoto da ke rataye a bango. Sansanin ne da yamma. Tantuna masu ruwan ƙasa, dogon teburin cin abinci da farin ƙyalle, kujeru kewaye da wuta, fitilu rataye a rassa. A tsakiya akwai kukoki biyu da suka girma suka manne da juna tun daga gindi, ɗaya ta karkata kamar tana jingine da 'yar'uwarta.

Anton yana cikin bayanin ruwan zafi da mai dafa abinci, sai ya lura tsohuwar ba ta jin sa. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a gindin kukar.

"Akwai wani falalen dutse a nan baya, mai ramuka uku."

Anton ya ce akwai. A kansa suke ajiye gilasai in baƙi suna shan abin sha da yamma.

"A nan Inna take niƙa." Yatsan ya zame zuwa dama. "Nan ɗakinta. Nan rumbu. Mehluli, nan ka faɗo daga kan jaki ka fasa goshi."

"Yaya."

"Ƙofar gida tana kallon yamma. Garke yana can baya, wajen fitowar rana." Yatsan ya ci gaba da tafiya a kan gilashin har ya kai gefen hoton, inda ake hango ƙarshen wani rufin kwano a bayan itatuwa. Ya tsaya a nan. "Mene ne wannan kuka gina a kan Baba?"

Na'urar sanyi tana ta ƙugi. Buhle ta janye hannunta daga kan kwamfuta. Shi ke nan, abin da Zenzo ya roƙa ɗaya tak ya zube. Mehluli ya buɗe baki zai ce tsufa ne, kanta yakan rikice, a yi mata uzuri. Da ya dubi fuskarta sai ya kasa. Rabon da ya ga idanunta a buɗe tar haka ya manta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya gaya wa Anton komai a tsaye, a taƙaice, ba tare da roƙo ba: rasuwar, motocin, kiran da ba a yi ba, ƙofar da aka hana shi, da cikin 'yarsa.

Anton bai katse shi ba. Da ya gama, Baturen ya cire hularsa ya shafa kansa, ya daɗe yana kallon gefen hoton. MaNyathi ta sake tambayarsa mene ne ginin. Ya dubi Mehluli kamar mai neman a cece shi, sannan ya amsa mata.

"Rumfar fiɗa ce, Gogo."

"Fiɗar me?"

"Duk abin da aka harbo, can ake kai shi. Akwai daɓen siminti da ƙugiyoyi. A rataye, a feɗe, a wanke."

"Har da ɓauna?"

"Ɓauna ta fi yawa."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa abin da ta daɗe da zargi. Mehluli ya kama ta ya mai da ita kujera. Yana ganin abin a idonsa ƙuru-ƙuru: ruwa ja yana gangarowa daga gefen daɓe yana nitsewa cikin ƙasa, rani bayan rani, tun yana saurayi yana walda a Bulawayo, tun ranar aurensa, tun ranar da aka haifi Bekezela. Duk wannan lokacin yana coci yana cewa matattu suna hutawa.

Anton ya jawo kujera ya zauna a gabansu, gwiwa da gwiwa. Ya ce shi ya tarar da rumfar a gine, ba wanda ya taɓa ce masa akwai wani a ƙasa, babu dutse babu alama. Sannan ya ƙara da wani abu da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce akwai wani tsohon mafeɗi da ya yi aiki da su shekaru, ya rasu yanzu. Kowace safiya in zai shiga rumfar sai ya tsaya ya yi sallama ya tafa hannu, alhali rumfar ko ƙofa ba ta da ita. Sun sha yi masa dariya. Da aka tambaye shi, cewa ya yi shi dai ba ya jin daɗin shiga haka kawai.

"Ya fi ku tarbiyya," in ji MaNyathi.

"Ya fi mu, Gogo."

Mehluli ya miƙa hannu ya ɗauki katinsa daga kan tebur. Ya ce sun gode da shayi, ya san dokar kamfani, ba zai sa kowa cikin matsala ba. Anton ya ce ya dakata. Ya ce gaskiya ne, in maganar nan ta kai kunnen masu kamfani za a rufe ƙofa, kuma shi ma'aikaci ne kamar kowa, ba shi da ikon fasa daɓe ko ɗaga rumfa. Ya juya wajen Buhle ya tambaye ta ko ta ji wani ya ambaci kabari a ɗakin nan. Buhle ta ce ita tun ɗazu na'urar sanyin nan ta toshe mata kunne.

"Ni ma abin da na ji," in ji Anton, "iyali ne suke son ɓauna."

Mehluli ya ce ai ita ce matsalar. Ba za su iya kashe ta ba.

Anton ya bayyana masa yadda abin yake. In ka ɗauki dabba, taka ce har kwanakinka su ƙare. Za a fita da kai da masu bin sawu da jami'in hukuma, a kai ka har inda take. Amma kunamar bindiga a hannun mafarauci take, ba wanda zai ja maka. Ya sha ganin mutum ya ƙetaro teku, ya yi kwana da kwanaki yana tafiya cikin ƙaya, ya saita, sannan ya sauke bindiga ya ce a koma. Kuɗinsa ne ya tafi, ba a mayarwa. Sai dai bai ɓoye masa sauran ba. Bijimin ya tsufa, garke ya kore shi, haƙoransa sun cinye. In ba su harbe shi ba, kamfani zai nemi wani kafin a rufe daji, in ba a samu ba zakuna suna nan.

"Ba ceton sa za ku yi ba, Baba Nyathi. Ban so ka tafi da wannan tunanin."

"Na ji. Amma kwanakin da muke can, ba wani mafarauci a sansanin?"

"Ku kaɗai."

"Ba abin da za a rataya a rumfar."

"In ba ku harba ba, babu."

Mehluli ya juya katin a hannunsa. Ya yi tunanin Zenzo da guminsa na ƙasar mutane, zai saya musu dabbar da ba za su taɓa ba. Ya yi tunanin fastonsu da abin da zai ce in ya ji dattijon coci ya tafi daji da tulun giya. Ya dubi yayarsa. Ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi, ko addu'a take ko lissafin ɗakunan gidansu, bai sani ba. Ya mayar da katin kan tebur, ya tura wa Buhle.

Ya roƙi Anton abu ɗaya, a wanke daɓen kafin su iso, a sauke ƙugiyoyin. Anton ya ce da hannunsa zai yi. Ya ce kuma safiyar da suka zaɓa zai kwashi ma'aikata duka su tafi duba wani famfo a can ƙarshen daji, famfon yakan ba da wahala, ba za su dawo da wuri ba.

MaNyathi ta buɗe ido ta tambaya ko har yanzu akwai magaryar kura a bakin rafin. Anton ya ce tana nan da yawa, kullum tana yaga masa riga. Ta ce to, da reshenta za su ɗauko shi. Haka ake yi wa wanda ya kwanta nesa da gida: a sari reshe, a ja shi a kan kabarin, a kira mamacin da sunansa a ce ya taso. Daga nan wanda ya riƙe reshen ba ya magana da kowa sai da shi, yana gaya masa hanya, ga rafi za mu ƙetare, ga ƙofa, ga kwalta, har a shiga gida. Kuma ba a cusa shi cikin kaya. Wurin zamansa ake ba shi kamar kowane babba.

Buhle ta koma kan kwamfutarta ta sa ranakun, makon ƙarshe na wata, kafin ruwan farko. Ta karanto musu abin da ta rubuta: mafarauci ɗaya, baƙi 'yan rakiya uku, motar kamfani za ta ɗauke su daga nan ta dawo da su. Sai ta tsaya. Ta ce motar tana da sauran kujera ɗaya a gaba, kuma in ba a kama ta ba direba yakan ɗauko wani ma'aikaci mai zuwa gari ya zauna a kai.

"A kama ta," in ji Mehluli. "Ta dawowa."

Ta ce kwamfutar ba ta karɓar kujera sai da suna. Mehluli ya buɗe baki ya rufe. Sunan yana nan a kansa, amma tun da aka haife shi bai taɓa furta shi ba, ɗa ba ya kiran sunan uba. Ya dubi yayarsa. Ta gyara zama, ta dafa sandarta da hannu biyu.

"Mgandane," ta ce. "Mgandane Nyathi."

Buhle ta buga harafi ɗaya bayan ɗaya. Anton ya riƙe hularsa a gwiwa bai mayar ba. Yarinyar ta sake tsayawa, ta ce saura gurbi ɗaya, dole a zaɓa, ko mafarauci ko baƙo.

"Mai gida za ki sa," in ji MaNyathi.

"Gogo, babu wannan a ciki."

"Baƙo? A gidan nasa?"

Mehluli ya ɗora hannunsa a kan nata, a kan sandar.

"Sa baƙo, 'yata," ya ce. "In dai za su buɗe masa ƙofa ya fito."